Gina Daula ko Hawan Allon Zamiya: Wane Wasan Bidiyo Ya Cancanci Kuɗinka da Lokacinka?

Wanda yake da kuɗin sayen wasan bidiyo guda ɗaya tak, kuma zuciyarsa ta rabu tsakanin wasannin dabarun mulki da yaƙi da wasannin zamiya a kan allo mai taya, bai kamata ya fara da tambayar wanne ya fi daɗi ba, domin kowanne yana da irin nasa daɗin. Abin da ya raba su shi ne irin lokacin da suke ci, da irin na'urar da suke so, da kuma gaɓar da suke gajiyarwa a jikin mutum, ɗaya kwanya, ɗaya yatsu. A 'yan watannin nan na buga Civilization VI da ƙanensa Civilization VII da Age of Empires III: Definitive Edition a ɓangaren dabara, sannan Tony Hawk's Pro Skater 1 + 2 da Session: Skate Sim a ɓangaren zamiya, na kuma ɗan taɓa wasu biyu da zan ambata a gaba. Ra'ayin da na tsaya a kansa shi ne, mutum ya dubi yadda yininsa yake kafin ya dubi hoton da ke jikin wasan, saboda wasa mai kyau da bai dace da lokacinka ba, ajiye shi za ka yi bayan mako guda.

Civilization VI, wanda kamfanin Firaxis ya fitar a 2016, wasa ne na bi da bi. Kai za ka gama duk abin da kake son yi a zagayenka, sannan ka danna maɓalli, sauran ƙasashe su yi nasu, kamar dai yadda masu dara suke zama, babu mai tsikarin wani ya yi sauri. Ana farawa ne a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa da 'yan ƙaura masu neman wurin kafa gari da jarumi guda, a kan taswirar da aka yanka ta gida-gida masu kusurwa shida, kuma idan aka bar wasan a saurinsa na yau da kullum yana da zagaye 500, yana ƙarewa a 2050. Tsakanin waɗannan shekaru biyu za ka kafa birane, ka gano rubutu da ƙira da bindiga da jirgin sama, ka ƙulla kasuwanci, ka yi sulhu ko ka yi yaƙi. Hanyar nasara ba ɗaya ba ce. Akwai ta kimiyya, wadda take ƙarewa da tura mutane sararin samaniya, akwai ta al'adu, inda masu yawon buɗe ido suke kwararowa ƙasarka, akwai ta addini, akwai ta ƙarfin soja, sannan ƙarin da aka yi wa wasan a 2019 mai suna Gathering Storm ya kawo ta diflomasiyya tare da ambaliya da aman wutar duwatsu da sauyin yanayi.

Abin da ya bambanta wannan kashi na shida da waɗanda suka gabace shi shi ne unguwanni. Ba a cusa komai a cikin birni ɗaya, sai dai a ware wa kowace harka filinta: unguwar ilimi ta fi albarka idan tana jikin tsaunuka, unguwar kasuwa tana son bakin kogi, tashar jiragen ruwa kuwa dole sai gaɓar teku. Saboda haka wurin da ka kafa gari a zagaye na goma zai iya zama sanadin arziƙinka ko talaucinka a zagaye na 200, kuma a nan ne zaƙin wasan yake, domin kuskuren da ka yi ba ya bayyana nan take, sai can gaba, lokacin da gyara ya yi tsada. Na fi jin daɗinsa da daular Mali ƙarƙashin Mansa Musa, wadda ita ma ta zo ne a cikin Gathering Storm. An tsara ta yadda ba ta da ƙarfin gini da horar da soja, amma ma'adinanta zinariya suke fitarwa, biranenta da ke jikin hamada suna samun abinci da ƙarfin addini, kuma tana da kasuwa ta musamman mai suna Suguba wadda take rage farashin abin da za a saya. Wato abin da wasu ƙasashe suke ginawa da gumi, kai sayensa za ka yi da kuɗi. Wanda ya san labarin aikin hajjin Mansa Musa na 1324 da zinariyar da ya rabar a Masar zai ga cewa masu tsara wasan sun yi karatu kafin su zauna.

Yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Kwamfutar da take riƙe da sauran ƙasashe ba ta iya yaƙi ba, takan turo sojoji ɗaya bayan ɗaya su zo su mutu a gindin ganuwarka, kuma matakan wahala guda takwas da wasan yake da su ba sa ƙara mata wayo sosai, kayan farawa da rangwame kawai ake ƙara mata. Sannan kashi na ƙarshe na wasan yakan zama aikin ofis: ka riga ka san kai ne za ka ci, amma sai ka ci gaba da ba birane ashirin umarni ɗaya bayan ɗaya har nasarar ta iso. Farkon wasan, lokacin da taswira take a rufe ba ka san waye maƙwabcinka ba, ya fi ƙarshensa armashi nesa ba kusa ba.

Age of Empires III kuwa babu jiran kowa a cikinsa. Agogo yana tafiya, abokin gaba yana gini lokacin da kake gini, kuma daƙiƙa talatin da ka bar cibiyar garinka ba ta fitar da ma'aikata ba, rami ne da za ka faɗa a ciki idan an zo fafatawa. Asalinsa wasan 2005 ne, aka sabunta shi a Oktoban 2020. Ana tara abinci da itace da kuɗi, a gina barikoki, a haura daga zamani zuwa zamani, yawan jama'arka kuma ba ya wuce 200, don haka kullum kana lissafin nawa za su yi noma, nawa za su ɗauki makami. Yana da wani tsari nasa na daban, wato babban birnin gida da yake turo maka agaji a tsakiyar wasa, kai kuma tun kafin a fara kake zaɓar irin agajin da kake so ya kasance a jerinka.

Dalilin da ya sa na ce Bahaushe ya tsaya ya dubi wannan wasa da kyau shi ne ƙarin da aka yi masa a Agustan 2021 mai suna The African Royals, wanda ya shigo da Habasha da kuma Hausa a matsayin cikakkun daulolin da ake bugawa da su. Jagorar Hausa ita ce Sarauniya Amina, babban birnin gida kuma Kano ne, haɗin da na san mutumin Zariya ba zai rasa abin cewa a kansa ba. Akwai mahayan doki masu lifidi, akwai maharba Fulani, akwai dakarun fada da aka ba su sunan Maigadi, akwai maroƙi mai ƙarfafa gwiwar mayaƙa, kuma idan ka danna mutanenka da Hausa suke amsa maka. Tattalin arziƙin ma an ɗora shi a kan abin da muka sani: ana kiwon shanu, a kai su kasuwar dabbobi a musanya su da itace ko kuɗi, sannan akwai wata dukiya ta huɗu, wato faɗa-a-ji, wadda jami'a take samarwa, kuma da ita ake ɗaukar sojojin haya da sayen manyan bindigogi. Haurawa zuwa sabon zamani ma ta hanyar ƙulla ƙawance ake yinta, da irin su Songhai da Maroko da Yarbawa da Fulani, kowane ƙawance da abin da yake kawowa. A cikin yaƙe-yaƙen tarihi da suka zo tare da ƙarin akwai wanda aka gina a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kada mutum ya ɗauke shi a matsayin darasin tarihi, domin an cakuɗa zamunna daban-daban a tukunya ɗaya don wasa ya yi daɗi, amma jin ma'aikaci ya amsa da harshenka a cikin wasan da duniya take bugawa wani abu ne da ba kasafai ake samunsa ba.

Sai dai Hausa ba daular koyo ba ce. Tana da abubuwa da yawa da ake lura da su a lokaci guda, shanu da jami'a da ƙawance da yaƙi, kuma sabon shiga zai iya ruɗewa kafin ya fahimci abin da ya kashe shi. Ya fi kyau ya fara da kwamfuta a mataki mai sauƙi, ya haddace 'yan maɓallan gajeriyar hanya, kafin ya tunkari mutane a intanet, inda babu mai tausayin baƙo. Wasa ɗaya yakan ƙare a cikin rabin awa ko ƙasa da awa guda, kuma wannan babban bambanci ne da Civilization, wanda zama ɗaya ba ya gama shi. Wanda ya fi son zamanin takobi da baka zai iya duba Age of Empires IV na 2021, inda aka ƙara daular Mali kyauta a 2022, amma babu Hausa a ciki.

Game da Civilization VII, wanda ya fito a Fabrairun 2025, zuciyata biyu ce. Amina ta Zazzau tana cikin shugabanninsa, tana magana da Hausa, sojojinta suna ƙara ƙarfi a fili da hamada, albarkatun da aka tara a biranenta kuma suna kawo zinariya. Amma an raba shugaba da ƙasa, an kuma yanka wasan zamani uku, kuma a yadda ya fito, idan zamani ya ƙare dole ka sauya ƙasar da kake riƙe da ita. Sai ka ga Amina ta fara da Aksum ta Habasha, ta koma Songhai, ta ƙare da Buganda, alhali babu ƙasar Hausa da za ta jagoranta. An yi hakan ne don a magance gajiyar ƙarshen wasa da na ambata, kuma gaskiya ya rage ta, sannan kwamandojin da suke tattara sojoji su tafi da su wuri guda sun sauƙaƙa yaƙi. Duk da haka, abin da yake riƙe mutum a wannan jerin wasanni tun na farko da Sid Meier ya yi a 1991 shi ne jin cewa garin nan da ka kafa da hannunka shi ne yake girma har ƙarshe, kuma sauyin zamanin yana yanke wannan igiya. Masu saye da yawa sun koka da yadda aka tsara allon bayanansa lokacin da ya fito, kuma a kan dala 70 ya fito. Ga mai kuɗin wasa ɗaya, na shida ya fi cika, ya fi araha.

A ɗaya ɓangaren, Tony Hawk's Pro Skater 1 + 2 ya fito a Satumban 2020, kuma sabunta wasanni biyu ne na 1999 da 2000 a wuri guda. Sunan na wani gwanin zamiya ne ɗan Amurka, wanda a gasar X Games ta 1999 a San Francisco ya yi juyi biyu da rabi a iska ya dira a kan allonsa, abin da ba a taɓa ganin wani ya yi a gasa ba kafin nan. Tsarin wasan ba shi da wuyar ganewa: ana ba ka minti biyu a wani fili, ko tsohon sito, ko harabar makaranta, ko rumfar jiragen sama, tare da jerin ayyuka, ka kai maki kaza, ka tattara haruffa biyar da aka warwatsa, ka gano kaset ɗin da aka ɓoye a wani lungu. Maɓalli ɗaya na tsalle ne, ɗaya na juya allo a iska, ɗaya na kama shi da hannu, ɗaya na gogawa a kan ƙarfe ko bakin dakali. Cikin minti biyar yaro zai fara yin abin kallo.

Zurfin yana wajen sarƙa motsi da motsi. Kowace dabara da ka ɗora a kan wata ba tare da tayoyi huɗu sun zauna a ƙasa ba tana ninka makin, kuma akwai hanyoyin tsawaita sarƙar, kamar tafiya a kan tayoyi biyu tsakanin wani ƙarfe da wani, ko murɗa allo daidai lokacin da ka sauko daga gangara. Muddin ba ka dira lafiya ba, makin ba naka ba ne, faɗuwa ɗaya takan kwashe komai. Don haka a kowace daƙiƙa kana ciniki da kwaɗayinka: ka dira yanzu ka karɓi abin da ka tara, ko ka ƙara tsalle ɗaya ka ninka shi. Masu raina wasan zamiya suna cewa babu tunani a cikinsa, ni kuwa ban yarda ba. Kafin ka kai babban maki sai ka haddace filin, ka san daga wannan ƙarfe ina za ka faɗa, kuma daga can wace gangara ce a gabanka. Tsari ne shi ma, sai dai yatsu ne suke riƙe shi.

Bai damu da gaskiyar yadda jiki yake aiki ba, mutum yakan yi tsallen da zai kai rufin gida ya faɗo ya tashi ya kaɗe rigarsa, kuma wannan ba aibi ba ne a wurina. Aibinsa shi ne yana ƙarewa. Idan ka gama ayyukan filayen, abin da ya rage shi ne neman karya makin da ka kafa, kuma ba kowa ne wannan yake riƙewa ba. Wanda ya biyo bayansa, Tony Hawk's Pro Skater 3 + 4 na Yulin 2025, a kan wannan tafarki yake, har ma an mayar da kashi na huɗu tsarin minti biyu alhali asalinsa yawo ake yi a fili babu agogo, abin da bai yi wa tsofaffin masoyansa daɗi ba. Wanda bai taɓa buga ko ɗaya ba, ya fara da 1 + 2.

Session: Skate Sim wata duniya ce dabam, kuma shi ne wasan da na fi tsoron wani ya saya bisa kuskure. Wani ƙaramin kamfani ne na Montreal a Kanada, Crea-ture Studios, ya yi shi, cikakkensa ya fito a Satumban 2022. A nan babu maɓallin tsalle. Sandar hagu ta fad, wato abin sarrafa wasa da ake riƙewa a hannu, ita ce ƙafarka ta hagu, ta dama ita ce ƙafar dama, juyawa kuma da maɓallan baya ake yi. Idan kana son allo ya tashi, sai ka danne bayansa da ƙafa ɗaya ka goge gabansa da ɗayar, kamar yadda masu yi da gaske suke yi, kuma idan ka juya tsayuwarka, aikin sandunan ma ya juya. Ba a lissafa maka maki. Ana ajiye ka ne a titunan New York ko Philadelphia ko San Francisco, ka nemi matakala ko dakalin da ya yi maka, ka yi ta faɗuwa a kansa har motsin da kake nema ya fita da tsabta, sannan ka ɗauki hoton bidiyonsa da kayan tacewa da ke cikin wasan. Farkon kwanakinsa azaba ce tsagwaronta, hawa bakin titi kaɗai sai ya zama aiki. Amma ranar da allo ya juya ƙarƙashin ƙafafunka ya dawo daidai ka dira, daɗin da za ka ji ya fi na maki miliyan a Tony Hawk, saboda ka san kai ka yi, ba wasan ne ya yi maka ba. Duk da haka biranen nasa babu rai a cikinsu sosai, ayyukan da yake bayarwa ba su da bayani mai gamsarwa, kuma wanda bai taɓa sha'awar zamiya ta gaske ba, wadda ta shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo a 2021, da wuya ya ga dalilin wannan wahala.

Sauran biyun ba sa buƙatar dogon bayani. OlliOlli World na 2022 zane ne mai launi irin na katun, ana tafiya daga hagu zuwa dama, matakansa gajeru ne, ba ya da nauyi a kan na'ura, kuma ya dace da gidan da ake da yara. Shi kuwa wasan da ake kira skate., wanda kamfanin EA ya buɗe wa jama'a a Satumban 2025 tun ba a kammala shi ba, kyauta ne, amma ba ya tashi sai da intanet a kowane lokaci, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya fitar da shi daga lissafin wanda yake auna datarsa da cokali.

Idan aka zo kan wutar lantarki, wadda a wurinmu ita ce take yanke hukuncin ƙarshe, wasannin sun rabu ta hanyar da ba a zata ba. Civilization, duk da tsawonsa, shi ne ya fi haƙuri da ɗaukewar wuta, domin yana adana wasan da kansa a kai a kai, kuma idan ka dawo za ka tarar da daularka kusan inda ka bar ta. Tony Hawk ma ba a asarar komai sai minti biyu. Wanda yake shan kashi shi ne mai buga Age of Empires da mutane a intanet, saboda katsewar wuta ko ta sabis a tsakiyar fafatawa faɗuwa ce, kuma idan wasan ƙungiya ne ka bar abokanka a cikin rana. Haɗarin Civilization na wani wuri ne. Ba ya da inda yake tsayawa da kansa, kullum akwai ginin da ya rage saura zagaye biyu a gama, kullum akwai binciken da ya kusa fitowa, kuma mutum yakan zauna bayan isha'i da niyyar rabin awa ya ɗago kai ya ga dare ya raba. Ɗalibin da jarrabawa take gabansa, ko ma'aikacin da yake fita da sassafe, ya yi wa kansa adalci a nan. Tony Hawk yana da ƙofar fita kowane minti biyu, ko da yake shi ma yana da nasa "bari in sake ɗaya".

Na'urar da ke hannunka za ta rage maka rabin shawarar. Wasannin zamiya na fad ne, Session ma ba shi da ma'ana idan babu shi, kuma suna son hoto mai gudu ba tare da sarƙewa ba, domin ɗan jinkiri tsakanin yatsa da allon talabijin ya isa ya kayar da kai. Mai PlayStation 4 ko Xbox One yana da abin da Tony Hawk 1 + 2 yake buƙata. Age of Empires III na kwamfuta ne, da linzami da madannai. Civilization VI shi ne ya fi shiga ko'ina: yana kan kwamfuta da PlayStation da Xbox da Switch, yana kan iPhone da iPad da Android, kuma a waya ana ba da zagaye 60 na farko kyauta don gwaji, ko da yake rubutunsa ƙanana ne a ƙaramin allo, kuma yana shan batir yana ɗumama waya. Tun da ba wasan sauri ba ne, tsohuwar laftof da take ɗan jan ƙafa ba za ta hana ka cin nasara ba, jiran zagaye ne kawai zai ƙaru idan taswira ta cika.

Ta fuskar kuɗi, kada a sayi Civilization VI a cikakken farashinsa, domin ana yawan karya kuɗinsa sosai a Steam, shagon sayar da wasanni a intanet, har ma an taɓa raba shi kyauta a wani shagon irinsa, Epic Games Store, a Mayun 2020. Abin lura shi ne a nemi kunshin da ya haɗa da Gathering Storm, in ba haka ba babu Mali a ciki. Haka ma Age of Empires III, daular Hausa tana cikin The African Royals ne, wanda ake saye daban. Tony Hawk 1 + 2 ya fito a kan dala 40, kuma mai na'urar da take cin faifai zai iya samun na hannu. Idan aka auna awannin da mutum zai samu da kuɗin da ya biya, wasannin dabara sun yi gaba da nisa, saboda kowace sabuwar taswira sabon labari ce.

Akwai batun harshe, wanda ba a cika faɗa ba. Civilization karatu ne mai yawa da Turanci, bayanin kowace fasaha da kowace doka da kowace yarjejeniya, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba zai yi ta danna abin da bai fahimta ba, ko da yake mai naci zai fita da kalmomi da sunayen tarihi masu yawa. Wasan zamiya ba ya tambayarka ko ka yi makaranta. Haka kuma idan gidanku gidan taro ne, ƙanne da abokai suna zagaye da talabijin ɗaya, Tony Hawk yana raba allo biyu mutum biyu su kara, ko a riƙa miƙa fad daga hannu zuwa hannu, kuma mai kallo ma yana jin daɗi. Civilization VI yana da tsarin da mutane da yawa za su yi bi da bi a na'ura ɗaya, amma jiran wani ya gama lissafinsa yana kashe hira. Iyaye kuma su sani cewa kiɗan Tony Hawk na roka da hip-hop ne na Amurka, ana iya kashe shi daga saituna ba tare da wasan ya rasa komai na tsarinsa ba, sannan a Civilization addini ɗaya ne daga cikin kayan gasa, ana kafa shi a yaɗa shi don neman nasara, abin da wani zai ga bai kwanta masa ba, kuma yana iya cire wannan hanyar nasara tun wajen shirya wasan.

Da ni ne mai kuɗin wasa ɗaya, kuma laftof ce a gabana, Civilization VI da kunshinsa zan ɗauka, matuƙar ina da dararen ƙarshen mako da babu mai nemana. Wanda lokacinsa guntu-guntu ne, rabin awa kafin a fita, rabin awa bayan an dawo, kuma yana da fad, Tony Hawk's Pro Skater 1 + 2 ne nasa, ba zai yi nadama ba. Age of Empires III yana tsakiya, ga mai son dabara amma ba ya iya zaman kwana uku a kan taswira ɗaya, kuma ga mai son ganin mahayan lifidi sun fita daga barikinsa, da sharaɗin ya yarda zai sha kaye kafin hannunsa ya faɗa. Civilization VII a jira farashinsa ya sauko. Session kuwa kada ya zama wasanka na farko a wannan fanni, sai ka gama da Tony Hawk ka ji tsallen da ya wuce hankali ya fara gundurarka, kuma ko a lokacin ka fara kallon bidiyon yadda ake sarrafa sandunansa na minti goma kafin ka biya kuɗi.